Tarihin Rayuwar Paul Fitts, Masanin da Ya Binciki Kuskuren Sojoji

Gabatarwa

Galibin mutanen da ake kawo tarihinsu a wannan mujalla tamu marubuta ne da mawaƙa da malamai da sarakuna. A wannan fitowa na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihin wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam mai suna Paul Fitts, wanda ya rasu tun shekarar 1965. Dalilina kuwa shi ne, jiharmu ta Kaduna gida ce ta sojoji. Akwai Makarantar Horar da Hafsoshi a Kaduna, da Kwalejin Manyan Hafsoshi a Jaji, da wurin horar da kurata a Zariya, sannan ga Makarantar Atilare a Kachia. Mu da muka fito daga Kafanchan da kewaye, da wuya ka sami unguwar da ba ta da ɗa ko 'ya a cikin kaki. Saboda haka duk abin da ya shafi yadda ake horar da soja da irin kayan da ake damƙa masa ya shafe mu kai tsaye.

Idan soja ya yi kuskure aka rasa rayuka, tambayar da aka fi gaggawar yi ita ce wane ne ya yi. Fitts ya ƙarar da rayuwarsa a kan wata tambaya ta biyu, wato me ke cikin kayan aikin da horon da ya sa mutum mai hankali, wanda ya san aikinsa, ya yi wannan kuskure. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa daki-daki don ganin yadda ya amsa ta.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Paul Morris Fitts ranar 6 ga watan Mayu na shekarar 1912 a wani ƙaramin gari mai suna Martin da ke jihar Tennessee ta ƙasar Amurka. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Tennessee a 1934, na biyu a Jami'ar Brown a 1936, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Rochester a 1938, duka a fannin halayyar ɗan Adam. Daga nan ya koma jami'arsa ta farko ya kama aikin koyarwa. Bai daɗe ba Yaƙin Duniya na Biyu ya canja masa alƙibla, domin a 1941 ya shiga ayarin masanan da rundunar sojojin saman Amurka ta ɗauka aiki, inda ya yi ta samun ƙarin girma har ya kai muƙamin Laftanar Kanar.

Zamanin Yaƙi

Aikin da aka fara ɗora wa waɗannan masana, ƙarƙashin jagorancin John Flanagan, shi ne tace matasa. Su ne ke shirya gwaje-gwajen da za a gane wanda ya dace ya zama matuƙi, da wanda ya dace da nuna hanya, da wanda za a ba aikin jefa bom. Tunanin wancan lokaci shi ne jirgi ya riga ya kammala, abin da ya rage kawai a nemo mutumin da ya dace da shi. To amma duk da tacewar da horon, jirage sun yi ta faɗuwa ba tare da abokin gaba ya harbe su ba. Daga ƙarshen 1941 zuwa 1945 rundunar ta rasa mutum kusan 15,000 a haɗurran da suka auku a cikin Amurka kanta, nesa da fagen fama. Da yawa daga rahotannin waɗannan haɗurra da jimla guda ake rufe su, wato kuskuren matuƙi ne.

A 1943 wani matashin hafsa mai suna Alphonse Chapanis ya duba wani irin haɗari da ya addabi jirgin yaƙi samfurin B-17. Matuƙi zai sauka lafiya, yana cikin gudu a kan titin jirgi sai ya naɗe tayoyinsa, jirgin ya kwanta da cikinsa. Da Chapanis ya shiga mazaunin matuƙin sai ya tarar makunnin naɗe tayoyi da makunnin ɗaga leɓen fiffike, wanda shi ne ake son taɓawa bayan sauka, suna dab da juna kuma kamarsu ɗaya. Mutumin da ya kwashe sa'o'i yana tuƙi, ga gajiya, ga idonsa a kan titi, hannunsa kawai yake miƙawa. Maganin da aka yi mai sauƙi ne: aka maƙala wata 'yar taya ta roba a kan makunnin tayoyi, aka sa wani abu mai siffar fiffike a kan ɗayan, yadda hannu zai bambanta su ko da ba a duba ba. Wannan ya nuna wa masana irin su Fitts cewa akwai gyaran da ba a jikin matuƙi yake ba.

Kura-kurai 460

A 1945 aka naɗa Fitts shugaban farko na sashen nazarin halayyar ɗan Adam a cibiyar binciken lafiyar matuƙa da ke sansanin Wright, kusa da birnin Dayton a jihar Ohio. A nan ne shi da abokin aikinsa Richard Jones suka yi binciken da ya fito da sunansa a 1947. Dabarar da suka bi ita ce tambayar matuƙan da kansu, kowa ya ba da labarin kuskuren da ya taɓa yi ko ya gani da idonsa, ko da bai kai ga haɗari ba. Suka tattara labarai 460 na kuskure wajen sarrafa makunnai da libobi, da wasu 270 na kuskure wajen karanta agogunan jirgi, suka zauna suka karkasa su.

Sakamakon ya nuna cewa kura-kuran suna da tsari, ba kara-zube suke aukuwa ba. Rabin waɗancan 460 na kama wani makunni ne a madadin wani. Kashi 18 cikin 100 na rashin daidaita abu yadda ya kamata ne, wani kashi 18 kuma na mantuwa. Sauran sun haɗa da juya abu ta inda bai dace ba, da taɓa makunni ba da niyya ba, da kasa kai hannu gare shi. Haka kuma ba sababbin matuƙa kaɗai ke yin su ba, har da tsofaffin hannu.

Misalin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na libobi uku da ke gaban matuƙi: ta totur, da ta farfela, da ta daidaita cakuɗar mai da iska. A jirgin B-25 totur ce a hagu, farfela a tsakiya. A jirgin C-47 farfela ce a hagu, totur a tsakiya. A jirgin C-82 kuwa libar mai ce a hagu, farfela ta koma dama. Matuƙin da ya saba da jirgi ɗaya, idan aka ba shi wani, hannunsa zai tafi inda ya saba, musamman lokacin da abu ya rikice. Duk direban da ke lodi a tashar Kafanchan ya san irin wannan. A wasu motoci sandar tirafiketa tana hagun sitiyari, a wasu tana dama, shi ya sa za ka ga direba ya zo shan kwana sai waifa ta hau aiki alhali ba ruwan sama. A mota abin dariya ne, a jirgin da ke ƙoƙarin tashi kuwa yana iya zama ajali.

A ɓangaren agoguna, wanda ya fi ruɗa matuƙa shi ne mai nuna nisan jirgi daga ƙasa, domin hannuwa uku gare shi a kan fuska ɗaya. Wani masani na sashen Fitts mai suna Walter Grether ya gwada shi, ya fitar da sakamako a 1949 cewa a fiye da kashi 11 cikin 100 na karatun da matuƙa suka yi, sun kuskure da ƙafa 1,000 ko fiye. Wani kuma, William Jenkins, ya rufe wa matuƙa idanu ya sa suna lalubar kawunan makunnai masu siffofi iri-iri, har aka ware waɗanda hannu ba ya rikita su. Fitts da Jones da John Milton sun kafa kyamara a cikin jirgi tana ɗaukar idanun matuƙa yayin sauka, don a san agogon da aka fi kallo da wanda ido ke komawa bayansa. Irin wannan ilimi ya taimaka wajen jera agoguna mafi muhimmanci a tsakiya, kusa da juna.

Abin da Fitts da Jones suka kammala a kai shi ne, za a iya rage yawancin abin da ake kira kuskuren matuƙi idan aka tsara kayan aiki bisa yadda ɗan Adam yake gani da ji da tunawa. Sun ba da shawarar a daidaita wurin zaman makunnai a dukkan jirage, a bambanta siffofinsu, a kuma sa abin da zai hana taɓa mai haɗari bisa tsautsayi.

Rabon Aiki Tsakanin Mutum da Na'ura

A 1949 Fitts ya koma Jami'ar Jihar Ohio da ke Columbus, inda ya jagoranci ɗakin bincike kan halayyar matuƙa. A 1951 ya shugabanci wani ayari da ya rubuta rahoto kan yadda za a tsara kula da zirga-zirgar jiragen sama. A cikinsa ne aka kawo jerin da har yau ake kira da sunansa, wanda ya ware abin da mutum ya fi na'ura da abin da na'ura ta fi mutum. Na'ura ta fi sauri da ƙarfi da lissafi, ba ta gajiya da maimaita abu ɗaya, tana kuma iya haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda. Mutum ya fi ta gane siffa a cikin ruɗani, da ƙirƙiro mafita idan abin da ba a zata ba ya taso, da tuno abin da ya dace daga tsohon sani, da yanke hukunci.

Kwamfutocin yau sun wuce na 1951 nesa ba kusa ba, har sun karɓe wasu ayyukan da jerin ya bar wa mutum. Amma akwai gargaɗi ɗaya a rahoton da bai tsufa ba, wato mutum ba gwani ba ne wajen zama yana gadin na'ura yana jiran abin da ba kasafai yake faruwa ba. Wani masani a Ingila, Norman Mackworth, ya riga ya nuna haka a binciken da ya yi saboda masu kallon allon rada na sojojin saman ƙasarsa. Ya sa mutane kallon hannun wani agogo na sa'o'i biyu suna jiran ya yi tsalle, ya ga cewa bayan rabin sa'a na farko ƙwazonsu yana raguwa sosai. Ke nan tsawon lokacin da ake barin soja a gaban allo ba ƙaramar magana ba ce.

Dokar Fitts

A 1954 ya wallafa aikin da ya fi shahara da shi. Ya ajiye faranti biyu na ƙarfe a kan tebur, ya ba mutane wani tsinke mai kama da alƙalami, ya sa su riƙa taɓa wannan su taɓa wancan da iyakar saurinsu. Yakan canja nisan da ke tsakanin farantan da kuma faɗinsu. Ya gano cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya dogara ne da nisan abin idan aka gwada shi da faɗinsa. Idan aka ninka nisa aka kuma ninka faɗi, lokacin ba ya canjawa. Idan abin ya yi ƙanƙanta ko ya yi nisa, dole hannu ya rage gudu ko ya kuskure. Ya tsara wannan a lissafi, yana aro daga nazarin isar da saƙo da Claude Shannon ya fitar a 1948.

Amfanin dokar a fili yake. Makunnin da ake buƙata cikin gaggawa a yi shi babba kuma kusa da hannu, wanda taɓa shi ke da haɗari a nesanta shi ko a rufe shi da murfi. A 1978 wasu masana a kamfanin Xerox suka nuna cewa dokar tana aiki a kan linzamin kwamfuta. Masu tsara manhajojin wayar da ke hannun mai karatu suna la'akari da ita wajen yanke girman madannan da yake taɓawa.

Matakan Koyo da Rasuwarsa

A 1958 Fitts ya koma Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor, inda hankalinsa ya fi karkata ga yadda ake koyon sana'a. Ya bayyana cewa koyo yana bin matakai uku. A na farko mai koyo yana tunanin kowane motsi, yana faɗa wa kansa abin da zai yi, kuskurensa kuma yana da yawa. A na biyu motsin yana fara haɗuwa, kuskure yana raguwa. A na uku abin ya zama jiki, ana yin sa ba tare da tunani ba, hankali ya sami sararin kula da wani abu daban.

Mu da muka koyi Hausa a kan harshen gida mun san waɗannan matakai sarai. Da farko sai ka tsaya ka auna ko kalma namiji ce ko mace kafin ka ce ya ko ta. Bayan shekaru sai ka ji bakinka yana yi da kansa. Amma ranar da aka firgita mutum, sau da yawa harshen da ya sha a nono ne ke riga fitowa. Haka soja yake. Abin da aka maimaita masa har ya zama jiki shi ne zai fito ranar da harsashi ke wucewa ta kansa, shi ya sa ba a gajiya da fareti da kwance bindiga da ɗaura ta. Sai dai idan kayan da aka horar da shi a kai sun bambanta da waɗanda zai tarar a fagen fama, sabon da ya yi zai juya ya cuce shi, kamar yadda ya faru da matuƙan C-47 da B-25.

Fitts ya shugabanci ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka daga 1962 zuwa 1963. Ya rasu ba zato ranar 2 ga Mayu, 1965 a Ann Arbor, kwana huɗu kafin ya cika shekara 53. Ɗalibinsa Michael Posner ne ya ƙarasa littafin da suka fara tare, mai suna Human Performance, aka buga shi a 1967. Ƙungiyar tana ba da lambar yabo ta koyarwa da sunansa.

Bayan Rasuwarsa

Magadansa sun faɗaɗa aikin daga hannu da makunni zuwa yadda ake yanke shawara cikin matsi. Abin da ya ƙara zaburar da su shi ne abin da ya faru ranar 3 ga Yuli, 1988, lokacin da jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran a Tekun Fasha, mutum 290 suka halaka. Ma'aikatan sun ɗauka jirgin yaƙi ne ke gangarowa kansu, alhali bayanan da na'urarsu ta adana sun nuna jirgin sama yake ƙara yi. Bayanin yana nan, amma yadda allon ke nuna shi, ga tsoro, ga ƙurewar lokaci, ya sa suka ga abin da suke tsammanin gani. Daga 1990 rundunar ruwan Amurka ta kafa shirin bincike na shekaru mai suna TADMUS, wanda ya sake fasalin allon ya kuma fito da hanyoyin horar da ayari a cikin yanayi mai kama da na gaske.

Mu ma a nan gida mun ɗanɗana irin wannan ɗaci. Ranar 17 ga Janairu, 2017 jirgin sojojin saman Nijeriya ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira da ke Rann a jihar Borno, sama da mutum 100 suka rasu. Ranar 3 ga Disamba, 2023 jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya kai hari kan masu taron Mauludi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi ta jiharmu, aka binne aƙalla mutum 85, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Hukunta wanda ya yi sakaci da biyan haƙƙin waɗanda aka zalunta wajibi ne, babu mai ja da wannan. Amma a ganina, bisa abin da na fahimta daga aikin Fitts, idan aka tsaya nan to an bar ramin a buɗe. Ya kamata a tambayi abin da allon ya nuna wa mai kallo, da sa'o'in da ya yi a zaune, da wanda ke da ikon ce masa ya dakata, da ko an taɓa nuna masa a wurin horo yadda taron biki ko na ibada na mutanen karkara yake kama daga sama cikin dare. Idan ba a amsa waɗannan ba, wanda zai gaji kujerar zai tarar da tarkon yadda aka bar shi.

Kammalawa

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan fanni. Ni kuwa ina ganin muna da rabo a ciki. Umarni da gargaɗi da littafin koyar da aiki duka harshe ne, kuma sojan da ya karanta gargaɗi da harshen da bai zauna masa ba zai ɓata daƙiƙoƙin da ba shi da su. Haka nan sanin al'adun jama'a, da lokutan bukukuwansu da ranakun kasuwanninsu, yana cikin abin da mai yanke shawara yake buƙata kafin ya danna makunni. Waɗannan abubuwa ne da muke nazari a sashenmu kullum.

Daga ƙarshe, ina kira ga makarantun horar da sojoji da ke Kaduna da Jaji da Zariya da Kachia, da kuma jami'o'inmu, su ƙara ba wannan fanni muhimmanci. Dabarar da Fitts ya fara da ita ba ta buƙatar kuɗi masu yawa. Ya zauna ne da masu aikin ya saurari kura-kuransu, ya rubuta, ya ƙirga, sannan ya koma ya gyara kayan. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kare sojojinmu, ya kare fararen hular da aka ɗora musu nauyin tsarewa, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya.